Zogalen Habibou da Agogon Rana

Habibou mutumin Maraɗi ne, mai ban-ruwa a wani ɗan lambun shaƙatawa na unguwar Abu Hail, can ƙasar Larabawa, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai cikin ladabi irinsa ba. Sai ya ce maka "to" har da rusunawa, sannan ya je ya yi abin da ya ga dama.

A tsakiyar lambun akwai tsohon agogon rana, faifan dutse mai zane-zane da tsinken tagulla, inuwar tsinken ce ke nuna lokaci. Habibou bai ɗauke shi a bakin komai ba. Shi dai ya lura gindinsa ya fi ko'ina riƙe danshi. Da ya dawo daga ta'aziyyar mahaifiyarsa a 2004, da 'ya'yan zogalen gidanta a aljihu, nan ya binne su.

Zogale kuwa ba ya jiran izini. Kafin shekara ta zagayo ya yi wa agogon rumfa. Baƙi su zo da kyamara su yi ta leƙe, ba lokaci ba dalilinsa. Matan Hausawa na unguwar Deira kuma suka gano hanya, Hajiya Turai mai tuwo har da leda take zuwa tsinkar ganye.

Sai shugaban lambun, wani Balarabe, ya kira shi. "Habibi, agogon nan ya girmi kakanka. Ka sare bishiyar, khalas, magana ta ƙare."

"To, ranka ya daɗe. Amma ai kowa da agogo a hannunsa."

"Gobe."

Gobe ta yi, ya rage reshe ɗaya. Jibi ya ce adda ta dakushe. Har ture agogon gefe suka gwada shi da abokinsa Sanda direba, dutse ya ce bai san zancen ba. Daga ƙarshe aka ce masa ko bishiya ko biza.

Ranar saran ina wurin, kuma wallahi ya ba ni tausayi. Bai bari kowa ya taɓa addar ba. Ya daddatsa itacen kamar rake, ya rarraba wa Hausawan da suka taru, ya ce kowa ya je ya kafa, ko a bayan sito ne a unguwar Al Quoz.

Turai ta ce, "Kai fa, Malam Habibou? Ba ka ɗauki ko guda ba."

Ya dubi kututturen da ya bari daidai ƙauri, ya goge ido da hannun riga, ya jawo tiyon ruwa a hankali.

"Bon, Hajiya, sara aka ce in yi. Ba wanda ya ce in daina ban-ruwa."