Mai fiton da Baba ya kira

Dakan ne ya tsaya. Ina zaune a ƙofar ɗakin Gwaggo ina ɓare 'ya'yan bado, sai na ji turamen tungar sun yi shiru lokaci guda, alhali gero bai daku ba. Na ɗaga kai na ga matan duk sun juya suna duban ƙetare. Can na ji abin da suka riga ni ji: rurin babura da yawa, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Kwanana ɗaya ke nan a wurin. Tungar masunta ce, a kan wani tudu tsakanin Sabon Birni da Isa. Da rani ana zuwa da ƙafa, amma idan gulbi ya yi ambaliya sai fadamar ta zama tafki, tudun ya koma tsibiri, ba shiga ba fita sai da kwale-kwale. A nan aka haifi Babana, kuma ya daɗe yana min alkawarin ranar da na gama sakandare zai kai ni in ga mahaifarsa. Ya cika alkawari. Muka kwana gidan ƙanwarsa, Gwaggo, wadda ke auren sarkin ruwan tungar. Da ta ga na iso ina ƙanƙame da gefen jirgi, dariya ta yi ta yi.

"Ɗiyar birni! Ruwan randa kaɗai kika sani. Gobe bisa goran iyo za ni aza ki, ki sha ki ƙoshi."

Da safe Baba ya ƙetare, ya ce za shi gaida wani malaminsa a ƙauyen bakin ruwa, zai komo kafin azahar.

Ba wanda ya ba da umarni. Maza suka sauka bakin ruwa, suka jawo jiragen nan guda biyar har kan tudu, suka kife su. Aka kashe wutar bandar kifi. Aka tura mu bayan rumbuna, aka ce kowa ya kwanta. Gwaggo ta raɗa min cewa haka suke yi tun da 'yan bindiga suka fara yawo a ƙasar: mutanen daji ba su iya ruwa ba, babur kuma ba ya iyo, don haka in an kife jirgi ba a sake tayar da shi, ko wa ya kira. Muka ji harbi a ƙauyen. Hayaƙi ya tashi.

Rana ta take tsaka sa'ad da na ji muryarsa. Na leƙa ta tsakanin rumbu biyu. Baba ne tsaye a mashigi, shi kaɗai, ba hula. Yana kiran mai fito da suna, yana cewa a kawo jirgi. Ya kira, ya sake kira. Ba wanda ya motsa.

Na rarrafa wurin sarkin ruwa. "Sarki, ba ku ji ba? Babana na! Ku tai ku ɗauko shi!"

Bai dube ni ba. "Kwanta, ɗiyata."

"Don Allah! In ba ku zuwa ni za ni!"

Ban san abin da ya shige ni ba. Na miƙe tsaye, na fito fili, na ɗaga hannu na ƙwala ihu: "Baba! Baba, ga ni!"

Gwaggo ta fizgo ƙafata na faɗi, ta danne ni da jikinta, tana warin hayaƙin kifi. Amma na riga na gani. Mutum uku suka fito daga cikin gero a bayansa, da bindigogi. Ɗaya ya buga masa gindin bindiga a ƙeya. Suka yi harbi wajenmu, harsasan suna faɗawa ruwa, wani ya fasa tulu a gidan farko.

"Kin ji wa yake kira?" in ji Gwaggo a kunnena, tana kuka ba sauti. "Mai fiton nan ya rasu tun bara waccan. Ubanki na cikin waɗanda suka yi mashi wanka. Duk tungar ga mun gane. Cewa yake kar a zo."

Ni kaɗai ce ban sani ba, don ni kaɗai ce baƙuwa.

Suka sake tsayar da shi. Wannan karon su suka yi magana. Suka ce sun ji yana da ɗiya a ciki, ashe ƙarya ya yi musu da ya ce bai da kowa; a kawo jirgi da ita, su sake shi. Na ce a kai ni. Wallahi na ce a kai ni. Sarkin ruwa ya zo ya zauna a kan jirgin da ya fi kusa da ni, ya ce:

"In jirgi guda ya tahi, da su zai komo. Dubi yaran ga. Ubanki ya san haka kahin a haife ki."

Baba bai ƙara kira ba. Wajen la'asar suka tasa shi gaba suka shiga gero.

Kwana biyu jiragen suna kife. Muka ci ɗanyen gari da busasshen kifi. Ba wanda ya ce min laifina ne, kuma ba wanda ya ce ba laifina ba ne. Matan sai su miƙo min ruwa su kau da kai.

A rana ta uku da hantsi sarkin ruwa ya kwanta a kan goransa na iyo ya ƙetare shi kaɗai. Muka tsaya muna kallonsa har ya zama ɗan ɗigo. Ya daɗe. Da ya komo, ya fito yana ɗigar ruwa, ya ce a tayar da jirage, 'yan bindigar sun tafi, sun yi gabas da mutanen da suka kwasa. Sannan ya zo gabana ya ajiye takalman Baba. Ya ce a jere ya same su a mashigi, kamar yadda ake ajiyewa a ƙofar masallaci.

"Ke dai kin tsira, ɗiyata," ya ce. "Tashi a kai ki wurin innarki."

Na ɗauki takalman. Har yau suna ƙarƙashin gadona, da lakar a jikinsu.