Mai Amsa wa Kaka a Bakin Tafki

Mu biyu ne a gidan, ni da Kaka. Uwata ta rasu ina goye, babana ya tafi cin rani Najeriya, ranin nasa ya ƙi ƙarewa. Gidanmu shi ne na ƙarshe a Madarunfa ta wajen tafki, ko ƴan tallan ƙosai ba sa isowa.

Idan rumbu ya fara nuna gindinsa, Kaka sai ta koma ga bado, wato furen nan mai faffaɗan ganye da ke shimfiɗe kan ruwa. Takan shiga tafki har iya ƙirji da ƙwarya, ta tsinko ƙwallayensa, ta tara su sai sun ruɓe, ta wanke ƙananan ƴaƴan, ta shanya, ta daka. Tuwonsa na ƙamshin laka, ni kuwa na tsane shi ƙwarai. Aikina ɗaya ne: in tsaya bakin ruwa. Can cikin ganye sai in ji, "Rabi!" In ce, "Na'am, Kaka!"

Bayan magariba mukan zauna gindin murhu. Ba yaran da za a tara, don haka shi ma mabuɗin tatsuniyar ta sake shi. Sai ta ce, "Ga ta nan tafe, wa ka tarbe ta?" In ce, "Ni, Kaka." Ta ce, "Ke ɗin da ka barci kamin a kai tsakiya? To, taho."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta Hajo da Tabawa, ƙawaye biyu masu ɗiban bado a wata shekarar yunwa. Ƙa'idar aikin ita ce ba a shiga shiru, domin ganye na ɓoye mutum, igiyoyin bado kuma na naɗe ƙafa. Wannan ta kira, waccan ta amsa. Ran nan suka yi faɗa a kan ludayin aro. Suna cikin ruwa Tabawa ta kira, Hajo na ji ta yi gum don fushi. Ta sake kira, shiru. Tabawa ta zaci ruwa ya ci ƙawarta, ta yar da ƙwarya ta nufi zurfi nemanta, igiyoyi suka riƙe ta. Hajo ta yi ta amsawa daga baya, amma ba mai ji.

"Shi ya sa huren bado ba ya buɗewa sai rana ta hwaɗi," in ji Kaka. "Huren nan Tabawa ta, tana saurare. Ko kina hushi, jikata, in an kira ki, ki amsa. Hushin ya biyo baya."

Ni a lokacin na ɗauka dabara ce ta hana ni bin fara in bar bakin ruwa.

Da na ci jarrabawa aka tura ni lakwal, wato makaranta, a Maradi. Na tambaye ta wa zai riƙa amsa mata. Ta yi dariya ta ce, "Kwaɗi sun hi ki murya. Tahi abinki." Na tafi, na kuma yarda da ita, don yaro na yarda da abin da ya yi masa daɗi.

Ba ruwa ne ya ci ta ba, a kan tabarmarta ta cika. Wajen zaman makoki wani tsohon masunci, Baba Nomau, ya matso kusa da ni. Ya ce yakan jiyo ta daga jirginsa, ita ɗaya cikin ganye. Sai ta ɗaga murya, "Rabi!" Ta ɗan saurara. Sannan ta siranta murya ta ce, "Na'am, Kaka."

Yau ina zaune ni kaɗai a ɗakin haya a Maradi, kewarta kuma ba ta ragu ba. Sai yanzu na gane ba nutsewa take tsoro ba, ta fi kowa iya ruwa. Shirun take tsoro. Duk damina nakan je tafkin da yamma, lokacin da furen ke buɗewa. Ba mai kirana. Duk da haka nakan amsa.