Wa Suka Bar wa Tumakin?

Jiya a majami'armu ta Batsari ni aka ba karatun Kirsimeti, da yake ni ne shehin malami, mai aji uku na firamare. Da na kai inda makiyaya suka ruga ganin jariri Yesu, sai na tsaya ina jiran muryar marigayi kawuna. Can a ƙauyenmu, daidai nan yake katse ni kowace shekara, rigarsa na warin garke.

"Kai ɗan boko, wa suka bar wa tumakin?"

"Mala'iku mana, Kawu. Gadi kyauta."

"Ashe ƙasarsu babu ɓarayi!"

Jiya ba wanda ya tambaya. Mu ma mun rugo daga ƙauyen zuwa Batsari, 'yan bindiga na bayanmu, muka baro dabbobinmu da kabarinsa. Wanda ya tsare waɗancan tumaki, ya tsare mana Kawu har mu koma.