Na Kayar Da Ɗana A Jarrabawa Don Ya Faɗi Gaskiya

A shekarun da zan ba ku labarinsu, ni malamin adabin Hausa ne a wata sakandare a Bagudo, mai ji da kai, ba a ja da ni a aji balle a gida. Muna yara ƙanena ya nutse a kogin Kwara ina tsaye a gaɓa ina kallo. Shi ya sa da Allah ya ba ni ɗa ɗaya tilo na kafa masa doka: ba wankan kogi, ba bin masunta, jirgi ma ba ya shiga sai da ni. A ƙasar da yaro kan iya iyo kafin ya iya karatu, nawa ya kai sha biyar ruwa bai taɓa wuce masa gwiwa ba. Sa'o'insa har ɗan tudu suke ce masa.

Abin kunyar shi ne, littafin da nake koyarwa a ajinsu labarin wata uwa ne da ta killace ɗanta bayan mutuwar na farinta. Ranar da ya saci jiki ya bi abokai daji sai ya ɓace, ƙishirwa ta kashe shi kusa da gari. Ba wanda ya kai ni iya caccakar matar nan a gaban allo. A jarrabawa na tambayi me ya kashe yaron. Kowa ya maido mini abin da na koyar, cewa so ne ya yi yawa. Ɗana kuwa ya rubuta cewa tsoro ne, uwar kanta take karewa daga sake yin kuka, yaron kuma ya biya da ransa. Ya ƙara da cewa ya san wani gida da ake haka. Raina ya ɓaci, na ja jan biro na kayar da shi.

Mahaifiyarsa ce ta tambaye ni ko amsar ce ba daidai ba, ko dai ni ta taɓa. Kwana uku ina fushi da ita. A na huɗu na kai shi wurin kawunsa masunci ya koya masa iyo, na zauna a gaɓa ina kallonsa yana shan ruwa yana tari yana komawa.

Damina biyu bayan haka muna hanyar kasuwar Dole Kaina ni da shi, jirginmu ya daki kututture ya kife. Ni da ban iya iyo ba na cakume shi iya ƙarfina. Ya daka mini tsawa in sake shi in kwanta rigingine, na kuwa bi umarni. Da wuyan riga ya ja ni har tudu, sannan ya koma ya fito da wata tsohuwa. Ban taɓa alfahari da wani mahaluki irin na ranar ba, har yau in ana zancen a majalisa nakan gyara zama.

Na yi nadamar shekarun da na tauye shi. Iyaye 'yan'uwana, abin da kuke jiye wa yaro tsoro, in yana bakin ƙofarku, ku koya masa shi tun kuna kusa. Da dokata ta ɗore, da gawa biyu 'yan gidana aka tsamo daga kogi a ranar.