Kakan Mista Kinloch

Shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da gidan waya na ƙauyenmu a Sant Elizabeth, kudancin Jamaika, kuma rabin wasiƙun da na tura ƙasar Sikotlan na mutum ɗaya ne, Linval Kinloch, tela. Gwani ne a ɗinki, wannan ba zan rage masa ba. Amma idan ka kai masa wando, sai ka fara jin tarihin kakansa kafin ya auna ƙugunka.

Kakan, a faɗarsa, wani Archibald Kinloch ne, Bature ɗan Sikotlan da ya sauka a tsibirin nan shekara ɗari biyu da suka wuce. Hujjarsa wani dutsen kabari a bayan tsohon coci, mai ɗauke da sunan da manyan baƙaƙe, da garin haihuwa, Ayr, da shekarar 1771. Daga nan zuwa ƙasa ba a ganin komai sai farar ƙasa, don tun zamanin iyayenmu ake shafe kaburbura da ita duk Kirsimeti. Da Linval ya gano dutsen sai ya karɓe aikin, yana yi masa shafe uku-uku, har dutsen ya yi ƙiba.

Tsakanin Archibald da Linval akwai shekara ɗari da babu takarda ko ɗaya. Wannan bai taɓa hana shi barci ba. Wata shekara kakan nasa kyaftin ɗin jirgi ne, wata shekara likita, wata kuma ɗan sarki da aka koro. Ya ɗinka wa kansa irin siket ɗin nan na ulu da mazan Sikotlan ke ɗaurawa, yana zuwa coci da shi a zafin watan Agusta, gumi na bin ƙwaurinsa. Ya hana a ce masa Maas Linval, yadda muke kiran kowane magidanci, sai Mista Kinloch.

Duk wannan abin dariya ne, mun kuma yi dariyar. Abin da ba na dariya ba shi ne maganar makwancinsa. A wurinmu kowane dangi na da filinsa a bayan gida, a nan ake binne kowa, ba suna ba rubutu, sai tudu da furen da aka dasa a kai. Ba a buƙatar rubutu, don kowa ya san inda nasa yake. An ajiye wa Linval wuri kusa da mahaifiyarsa. Sai ya je ya roƙi dattawan coci su ba shi gefen Archibald, ya dawo ya sanar da yayarsa Icilda, wadda ke zaune a gidan gado.

“Yaya, ku ba wani wurin nan. Ni cikin dangina zan kwanta.”

“Mu kuma fa? Maƙwabta ne?”

Daga ranar ƙafarsa ta ɗauke daga gidan, shekara goma sha bakwai.

Wasiƙunsa dai sun yi rana. Wata ƙungiyar masu sunan Kinloch a can ta turo wata dattijuwa mai tabarau ta zo ta ga dutsen. Linval ya yanka akuya biyu, aka yi farfesun kai, aka fito da giyar rake, ya gayyaci ƙauye kaf. Muka bi shi zuwa bayan coci, shi da siket a gaba.

Baƙuwar ta durƙusa, ta shafa dutsen, ta ce akwai sauran rubutu a ƙasa, ko zai yarda a kankare?

“A kankare mana, Uwargida,” in ji shi. “A nan muƙaminsa yake.”

Da hannunsa ya karɓi wuƙa. Farar ƙasa ta yi ta zuba ɓawo-ɓawo, ƙananan baƙaƙe suka fito. Matar ta karanta a hankali, yadda na baya ma suka ji. Archibald Kinloch ya rasu a 1774, kwana tara bayan saukowarsa daga jirgi, yana da shekara uku.

Can wani masunci ya ce, “Kai, Turawan da akwai saurin girma.” Na danne dariyata har haƙarƙarina ya yi ciwo, amma da na dubi fuskar Linval sai ta koma ciki. Ya tsufa a wurin nan, a tsaye, da wuƙa a hannu. Baƙuwar ta yi ta lallashi, wai ƙila uban yaron ne, ƙila wani kawu, a sake bincike. Ba ya jin ta.

Bayan mako biyu ya zo gidan waya sanye da wando, ba wasiƙa a hannunsa.

“Miss Vie, ki raka ni gidan Yaya. Ke tana jin kunyarki.”

Muka tarar da Icilda tana ɓare wake a baranda. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya fito da ita, ko wurin nan na kusa da Mama yana nan?

“Me ya samu kakanka? Ba ya son mai reno?”

“Yaya, ki yi haƙuri.”

Ta ajiye kwanon. Ba ta ɗaga murya ba. “Wurinka na nan, ban ba kowa ba. Mu je ka nuna mini kabarin Mama, na gefensa naka ne.”

Muka zagaya bayan gida. Tudu goma sha huɗu ne a ƙarƙashin mangwaro, duk sharar safe a kansu, duk fure iri ɗaya. Linval ya bi layi na farko, ya dawo, ya bi na biyu. Ya kalle ni, na sunkuyar da kai, don ni na sani, ina wurin ranar da aka binne ta. Wallahi ya ba ni tausayi, amma ba nawa ba ne in faɗa.

A ƙarshe ya tsaya gaban wani tudu na kusa da shinge, ya cire hula, ya durƙusa, ya fara kuka yana cewa Mama ki yafe mini.

Icilda ta bar shi har ya gama. Sannan ta ce, “Wannan mijina ne.”