Ƙarfen Da Ya Sa Baba Ya Sake Gardama

Abubuwa da yawa sun same ni a birnin New York waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Amma rigimar da muka yi a gidanmu a kan wani guntun ƙarfe, da abin da ya biyo bayanta a cikin daji, wannan kam ko tsufa ya kwashe mini komai ba na jin zai kwashe ta.

A lokacin muna zaune a Morrisania, wata unguwa a Bronx, a wani gidan bene, ni da maigidana da 'yan matanmu biyu. Ina aikin jinya a wani asibiti, shi kuma yana da shago kusa da Fordham Road, yana sayar da shadda da turare da kayan miya na gida. Mahaifina ya zo daga Damagaram aka yi masa aiki a ƙashin baya. Aiki ya yi kyau, likitoci suka ce ya riƙa takawa da sanda a hankali. Sai dai mutumin da ya fito daga asibiti ba shi ne Baban da na sani ba.

Baba ya yi ƙuruciyarsa da girmansa yana tuƙa kamiyo, wato babbar motar kaya, tsakanin Damagaram da Agadas. Mutum ne mai murya da son gardama, wanda in ka ce masa shayi ya yi zafi sai ya tambaye ka da me ka auna. Ga shi yanzu a kujera bakin taga, tagar kuma bangon wani gini take kallo. In na ce, “Baba, ga abinci,” sai ya ce, “To.” In jikokinsa suka gaishe shi, sai ya ɗaga hannu kawai. Tuwo ya koma kicin yadda ya fito. Ni da nake lallashin marasa lafiya kullum a wajen aiki, na rasa yadda zan yi da nawa uban. Na riƙa ganin wandonsa yana yi masa yawa, ina shiga banɗaki ina kuka.

Maigidana ne ya fara gano bakin zaren. Wata rana bayan ya dawo daga shago ya ce mini, “Tsohon nan ba bayansa ke damunsa ba, bango ne. Mutumin da ya saba ganin ƙarshen sama kin ajiye shi yana kallon bulo.” Muna da wata tsohuwar jif mai ƙarfi. Ya ce ya ga tallar tirela irin ta masu zuwa kwana daji, wato ɗan ɗaki a kan manyan tayoyi biyu, da gado da wurin girki a ciki, wadda aka ƙera don bin hanyar da babu kwalta. Mai ita yana Staten Island.

Muka ɗauki Baba muka hau jirgin ruwa. Ina ta nuna masa ruwa da dogayen gine-gine, shi kuwa kansa na kan sandarsa. A St. George, tashar jirgin da ke Staten Island, mai tirelar ya tarbe mu, wani dattijon Bature da gwiwa ta hana shi yawo. Ya kai mu bayan gidansa, ga tirela tsaf, an kula da ita. Sai dai ya faɗa mana gaskiya cewa mahaɗin da ke hancinta, wato ƙarfen da ake maƙala ta a bayan mota da shi, ya ci sosai har ya cire shi. Ya ce mu za mu zaɓi irin wanda muke so mu sa, na jikin tirela da na jikin mota.

Muna cikin magana sai na waiga na ga Baba ba ya inda na bar shi. Ya zagaya tirelar yana bubbuga tayoyi da sanda, ya tsaya a gabanta ya ɗan rusuna yana leƙen hancin. Sai na ji ya ce, “Uwata, tambaye shi, ina ƙugiyarta?” Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Tun fitowarsa asibiti ban ji ya haɗa magana mai tsawon wannan ba. Na fassara wa Baturen.

Muka yi ciniki muka sayi tirelar, daga nan kuma rigima ta tashi. Maigidana ya ce a sa mai ƙwallo, wato dunƙulen ƙarfe kamar lemo da ake kifa bakin tirela a kansa. Hujjarsa ita ce shi kowa ke amfani da shi, kowane bakanike ya san shi, kuma ko a ƙauye ya lalace za a samu wani. Baba ya yi tsaki ya ce wannan kayan kwalta ne. Shi ƙugiya da zobe ya sani, irin ta manyan motoci, wadda ya ja kaya da ita a cikin rairayi har gashinsa ya yi fari, ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ni kuwa ban san komai a kai ba. Amma ranar hutuna na tafi wani shago da ke ɗaura irin waɗannan ƙarafa, na ce wa mai shagon ban zo saye ba tukuna, na zo in gani da hannuna.

Mutumin ya jera mini su a kan tebur. Ya kifa bakin a kan ƙwallon ya ce in karkata shi. Na karkata kaɗan sai ya cije, ya ƙi gaba. Ya ce a hanya mai kyau babu abin da ya fi shi sauƙi, amma in mota ta kwanta hagu tirela ta kwanta dama, to ko dai ya fizge ko tirelar ta murɗa bayan motar. Ya ba ni ƙugiya da zobe. Ita kam tana juyawa yadda ake so, ga ƙarfi, sai dai zoben yana wasa a cikinta. Na ja na tura, sai ƙwas, ƙwas, har cikin kafaɗata. Ya ce haka za a riƙa ji duk tashi duk tsayawa. Sannan ya ɗauko na uku, wanda ke juyawa sama da ƙasa, hagu da dama, har ya wulwula kamar wuyan hannu, amma babu wasa a cikinsa ko kaɗan. Aibinsa, in ji shi, sai an yi odarsa an jira, kuma maƙala shi yana son haƙuri, sai mota da tirela sun daidaita sosai. Ya kuma ja mini kunne in duba nauyin da jif ɗinmu za ta iya ja, in tabbatar tirela za ta tsaya daidai ba ta duƙa gaba ko baya ba.

Ina tsaye a wurin hankalina ya koma kan hoton ƙashin bayan Baba da na gani a asibiti, da ƙananan ƙarafan da aka ɗaure shi da su. Duk bugun da na ji a kafaɗata, ta kujerar mota zai bi ya sauka a nan. Kafin in fita daga shagon na riga na yanke shawara.

Faɗa a gida shi ne aikin. Ba ƙaramin abu ba ne 'ya ta saɓa wa ubanta a gaban surukinsa. Na bari sai da aka zuba abinci, na ce, “Baba, na je na duba. Ni dai mai juyawan nan nake ganin za a sa.”

Ya ajiye cokali. “Ke? Ke da ko taya ba ki taɓa canzawa ba za ki zaɓa mini ƙarfe?”

Na ce, “Baba, ban san mota ba, amma na san bayanka. Ƙugiya za ta riƙe tirela, ban musa ba. Bugunta ne bayanka ba zai ɗauka ba.”

“Bayana ya ɗauki hanyar Agadas kafin a haife ki!”

Maigidana ya sunkuyar da kai yana ta juya miya, kunyar suruki ta hana shi ko tari. Baba ya shiga kawo labarai, yadda ya taɓa fitar da kamiyo daga kwari da ƙugiya, yadda wani abokinsa ya yarda da sabon ƙarfe ya kwana a hanya. Yana faɗa yana kai loma. Sai da ya tashi na lura kwanonsa babu komai, har ya ƙara. Washegari na ji shi a waya yana kai ƙarata wajen tsofaffin abokan aikinsa a Damagaram, yana cewa ilimin asibiti ya hau wa 'yarsa kai. Ban taɓa jin daɗin a kai ƙarata ba sai ranar.

Maigidana ya same ni a kicin ya ce a hankali, “Ni na janye nawa. Amma ki sani, in wani abu ya faru a daji, ke za a kalla.” Na ce na ɗauka. Na koma shagon ƙarafan na yi odar mai juyawan. Ranar da za a ɗaura, Baba ya riga kowa sa takalmi. Ya zauna a kujera a bakin shagon yana ba ma'aikata umarni da Hausa, su kuma suna gyaɗa kai kamar suna ji. Shi ya sa aka gitta sarƙoƙin tsaro a ƙarƙashin mahaɗin, ya kuma sa aka sake ɗaure kowane noti a gabansa. Duk da haka da aka gama cewa ya yi, “Za mu gani.”

A ƙarshen bazara muka kama hanyar duwatsun da ke arewa da birni. Fita daga Bronx ma sai da muka yi zagaye, don akwai hanyoyin da ba a yarda tirela ta bi ba. Da hantsi muka bar kwalta muka shiga wata siririyar hanya cikin itatuwa, wadda za ta kai mu bakin wani tafki. An yi ruwa sosai kafin zuwanmu. Muna gangarowa wani tudu sai ga kwari a gabanmu, ruwa ya yanka hanyar a karkace. Babu wurin juyawa, kuma komawa da baya a kan tudu da tirela ba abin da za mu iya ba ne.

Maigidana ya sauka ya duba, ya jera duwatsu inda ya iya, ya dawo ya ce, “Sai na tsaya a gaba ina ganin tayoyi. Ke ki kama sitiyari.” Muka sauke yaran suka tsaya can gefe. Na ce Baba ma ya sauka. Ya ce, “Direba ba ya sauka a kwari. Shiga mu tafi.”

Na zauna na kama sitiyari. Baba ya dafa gaban mota, muryarsa ta koma wata iri, a natse, irin wadda ban taɓa ji ba. “Sa ta a babbar giya, lamba ɗaya. Kada ki taka mai, bar ta ta tafi da kanta. In kin ji ta karkata kada ki danne birki, kin ji ko?” Tayoyin gaba suka faɗa, suka fita. Na baya suka faɗa, motar ta fara hawa tana kwantawa hagu. A daidai nan tayar tirela ta dama ta zurma. Na kalli madubi na ga ɗakin nan gaba ɗaya ya kwanta dama, har ina ganin cikin tayarsa ta hagu. Tukwane suka zube a ciki, yaran suka ƙwala ihu, maigidana ya ɗora hannu a ka.

“Baba, za ta faɗi!”

“Ba ta faɗi ba. Motarki na kan ƙafafunta? To ci gaba. Kaɗan. Kaɗan, Uwata. Haka.”

Gaskiyarsa, motar ko gezau ba ta yi ba. Tirela ta kwanta nata wajen, mota ta kwanta nata, ƙarfen da ke tsakaninsu ya juya ya bar kowa da halinsa. Babu fizga, babu bugu. Na ɗan taɓa mai, na ji nauyi ya biyo ni a hankali, sai tayar ta hau kan dutse, tirela ta girgiza ta miƙe tsaye. Na ja mu zuwa fili na kashe mota.

Sai na ji wata ƙara a gefena. Baba ne ke dariya, irin dariyar nan tasa ta da, har yana buga cinya. Maigidana ya zo da gudu yana kabbara, yaran suna tsalle suna surutu da Turanci. Baba ya buɗe ƙofa ya sauka, ya dogara sandarsa ya zagaya baya, ya daɗe yana kallon mahaɗin, ya shafa shi. Na ce, “Baba, bayanka fa?” Ya ce, “Ko motsi ban ji ba.” Ya juya wajen surukinsa ya ce, “Ka ga 'yata? Jinin direba ce.”

Da la'asar muna bakin tafki, shi da kansa ya hura gawayi ya ɗora butar shayi. Da ya zuba, ni ya fara miƙa wa kofi, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, “Uwata, kin fi ni gaskiya a wannan. Ni kaya na saba ja, ke kuma mutum kika ɗauko.” Na karɓa da hannu biyu.

Bayan wannan mun sha fita daji da shi kafin ya koma gida da ƙafafunsa, ya yi ƙiba, murya ta dawo. Na daɗe ina tunanin abin da ya tashe shi. Iskar daji ta taimaka, amma tun kafin mu bar kwalta ya fara warkewa, tun ranar da aka samu abin da ya sani aka kuma tsaya aka ja da shi a kai. Da can muna ta lallaɓa shi, kowa na cewa sannu, babu mai tambayarsa komai, babu mai musa masa. Abin da na koya ke nan, kuma da shi nake aiki har yau a asibiti: tsoho ba magani da sannu kaɗai yake buƙata ba. Yana buƙatar a nemi ra'ayinsa da gaske, in ya yi daidai a bi, in kuma an ga abin da zai cuce shi a tsaya a faɗa masa cikin ladabi. Ranar da ka daina gardama da mutum don tausayi, ranar ka fara cire shi daga cikin masu rai.