Rijiyar da Babu Mai Kiran Yasa

A ƙauyenmu, kan hanyar Matameye zuwa Kurni, rijiya ta wanda ya haƙa ta ce, da zuriyarsa. Kowa na ɗiba, amma mai ita kaɗai ke kiran yasa, ranar da maza ke shiga su kwashe yashi da laka kafin damina. Tamu kakana ya haƙa, babana ke kira.

Shekarar da na yi aure, kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin, ya zo rangadi. Ya leƙa rijiyarmu, ya ga itatuwan bakinta sun ruɓe, fitsarin dabbobi na gangarawa ciki. Gaskiya ne, yana gangarawa. Ya sa aka cike ta, aka kwashe mu aikin dole muka haƙa sabuwa, aka ɗaure ta da siminti. Ruwanta garau, ba zan yi ƙarya ba. Da aka gama, tafinta ya ce, “Wannan ta kumandan ce.” Wataƙila kyautarsa yake nufi. Mu dai abin da ya faɗa muka ji.

Rani na biyu yashi ya taso, guga na fitowa da laka. Na sami babana yana tufkar igiya.

“Baba, ka kira yasa mana.”

“A rijiyar wa?”

“Ai mu muka haƙa.”

“Ku? Da bulalar gardi, dogarin kumandan, a gadon baya? Je ka Damagaram ka gaya wa mai ita ya zo ya tuɓe wando ya shiga.”

Dattawan da ke wurin suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce, “Ango, in ka matsu, shiga. In siminti ya tsage ka san inda za ka kwana.”

Ban shiga ba. Babu wanda ya shiga. Da ruwan farko ya sauka, mata suka koma tafki, inda shanu ke sha.

Kurkunun da ake sha a ruwan tafki ba ya gaggawa, sai shekara ta zagayo yake huda fata. Nawa ya fito a ƙafafu biyu, daidai noman farko, gonata ta farko da baba ya yanka mini. Kullum matata na naɗe tsutsar a tsinke, kaɗan-kaɗan, kada ta tsinke a ciki. Waɗanda za su yi mini gayya su ma suna kwance.

Geron ya tsiro da kyau. Daga bakin zaure nake hango shi, har ciyawa ta fi shi tsawo.